Takardun ƙwarewa a aikin kwamfuta da rezo: abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa

A ƴan watannin nan, saƙonnin da matasa ke aiko mana daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna yawan komawa kan tambaya guda. Wani ya ce ya ga tallar ɗaukar ma'aikata an rubuta ana son mai CCNA, shi kuwa bai taɓa jin sunan ba. Wata ɗaliba ta ce ta kusa gama lisans a fannin anformatik, amma ana ta gaya mata diplom kaɗai ba ya isa yanzu. Wani uba kuma ya tambaye mu kai tsaye: ɗansa ya nemi ya ba shi kuɗin da ya haura jika 150 don wata jarrabawa da ake yi a kwamfuta, shin gaskiya ce ko damfara?

To, jarrabawar gaskiya ce, kuma kuɗin ma haka yake. Amma kafin mutum ya sayar da rago ko ya ci bashi, ya kamata ya san abin da zai saya. Ga bayani dalla-dalla.

Wane irin aiki ake magana?

Kowa ya taɓa tsayawa layi a banki ko wurin aika kuɗi aka ce masa "yi haƙuri, rezo ya tafi". A daidai wannan lokacin, akwai wani ma'aikaci a wani ɗaki mai sanyi da ke zufa yana neman inda matsalar take. Aikinsa ke nan: kula da manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ma'aikata, waɗanda ake kira uwar garke, da wayoyi da na'urorin da ke haɗa ofis da ofis, da ajiye kwafin bayanai don ranar da wani abu zai lalace, da rufe ƙofa ga ɓarayin intanet. Ba shi ke ƙirƙira manhaja ba. Shi ne ke tabbatar da cewa manhajar da aka riga aka ƙirƙira tana tafiya dare da rana.

Idan kuna son sanin nauyin wannan aiki, ku tuna ranar Litinin 4 ga watan Oktoban 2021. Da la'asar WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya, wajen awa shida. Mutane da dama a nan sun zaci kuɗin intanet ɗinsu ne ya ƙare. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa wani umarni ne da aka tura lokacin duba lafiyar rezonsu ya yanke hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsu, kuma manhajar da aka ɗora wa alhakin tare irin wannan kuskure ta kasa tare shi. Sai da injiniyoyi suka taka da ƙafa zuwa inda na'urorin suke kafin a gyara.

Mene ne sa na'ura ta yi aiki da kanta?

Nan gidan rediyo muna da misali a hannu. A da, sai mutum ya zauna yana sa kaset ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ana jera shirye-shiryen dare a kwamfuta, a faɗa mata ƙarfe kaza ga abin da za ta sa, ta ci gaba ita kaɗai. Haka abin yake a aikin kula da kwamfutoci. Ma'aikatar da ke da kwamfuta 200 ba za ta so ma'aikaci ya bi su ɗaya-ɗaya yana sa manhaja ba. Sai ya rubuta umarnin sau ɗaya a ɗan fayil, wata manhaja kamar Ansible ta ɗauka ta aiwatar a kan dukkansu cikin mintoci. Wata manhajar mai suna Terraform kuwa, da rubutu ake gaya mata a kafa uwar garke nawa, da wane girma, ta kafa su.

Amfanin a bayyane yake, amma haɗarin ma haka. Kuskuren da aka yi da hannu yana tsayawa a kwamfuta guda. Wanda aka rubuta cikin umarni kuwa, ko'ina yake zuwa lokaci ɗaya. Ranar Juma'a 19 ga watan Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wani sabunti mai matsala, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8 da rabi suka tsaya, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Shi ya sa masu ɗaukar aiki ke son wata shaida kafin su miƙa wa sabon yaro makullin rezonsu.

Bambancin diplom da takardar ƙwarewa

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Diplom, ko BTS ne ko DUT ko lisans ko masta, makaranta ce ke bayarwa bayan shekaru ana karatu, kuma ba ya mutuwa. Irinsa ake samu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa. Takardar ƙwarewa kuwa, wadda wasu ke ce wa sartifika, kamfani ko wata ƙungiya ce ke bayar da ita bayan jarrabawa guda ko biyu. Galibi ba a tambayarka wace makaranta ka yi. Ka biya, ka zauna, ka ci ko ka faɗi. Kuma yawancinsu suna da wa'adi, shekara biyu ko uku, sai an sabunta.

Wanda ke hangen aikin gwamnati ya riƙe wannan da kyau: gasar shiga aikin gwamnati da diplom ake yinta, da shi ake sa mutum a mataki. CCNA ba za ta maye gurbin lisans a can ba. Amma a kamfanonin waya irin su Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms, da bankuna, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin da ke karɓar kwangilar haɗa rezo, takardar ƙwarewa na iya sa a ware takardunka daga cikin tulin da aka ajiye. Saboda haka kada wani ya ce maka ka bar makaranta ka je ka yi sartifika. Haɗa su ake yi.

Manyan takardun da abin da kowace ke nufi

Ta farko da aka fi ji a yankinmu ita ce CCNA, ta kamfanin Cisco mai ƙera na'urorin rezo. Jarrabawa guda ce, lambarta 200-301, tun watan Fabrairun 2020 ake yinta a wannan tsari. Minti 120 ake ba mutum, kuɗinta dala 300 na Amurka, kuma tana aiki shekara uku. Ana tambaya kan yadda ake raba adireshi ga na'urori, yadda saƙo ke bin hanya daga rezo zuwa rezo, rezon da ba ya da waya, da tsaro. Kashi 10 cikin 100 na tambayoyin kuma a kan sarrafa rezo ta hanyar rubutaccen umarni ne, abin da ke nuna inda sana'ar ta dosa.

Ga wanda ya faro daga gyaran kwamfuta da taimakon ma'aikatan ofis, akwai takardun CompTIA. A+ ita ce ta tushe, jarrabawa biyu ce. Sai Network+ ta rezo da Security+ ta tsaro. Ba su jingina da kayan kamfani guda ba, kuma su ma shekara uku suke yi.

Sai ɓangaren Linux. Wannan tsarin tafiyar da kwamfuta ne da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kyauta ake samunsa, kuma shi ke tafiyar da mafi yawan uwayen garken intanet. Wanda bai iya Linux ba, zai yi wuya ya yi nisa a wannan aiki. Cibiyar LPI tana da Linux Essentials ta ƴan koyo, wadda ba ta da wa'adi, da LPIC-1 mai jarrabawa biyu da ke yin shekara biyar. Kamfanin Red Hat kuma yana da RHCSA, wadda ake ganin girmanta saboda dalili guda: babu zaɓi tsakanin A da B da C. Kwamfuta ake ajiye maka, a ce ƙirƙiri masu amfani, raba faifai, gyara abin da ya ƙi tashi, sannan a duba ko ya yi aiki. Ana neman maki 210 cikin 300. Ta sama da ita, RHCE, kacokan a kan Ansible take, kuma sai mai RHCSA ke samunta.

Akwai kuma abin da ake kira girgije. Ma'anarsa dai, maimakon ma'aikata ta sayi uwar garke ta ajiye a ofis tana fama da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, sai ta yi haya a manyan cibiyoyin Amazon ko Microsoft ko Google ta hanyar intanet. A wajen Amazon, wato AWS, jarrabawar farko Cloud Practitioner dala 100 ce, matakin Associate dala 150, matakin Professional dala 300, kowace shekara uku. A wajen Microsoft, AZ-900 ita ce ta share fage kuma ba ta mutuwa, AZ-104 kuwa ta masu kula da tsarin ce, ana sabunta ta kowace shekara kyauta ta intanet.

Daga can sama akwai CKA, ta manhajar Kubernetes da Google ya fitar a 2014. Ita ma ta aiki da hannu ce, awa biyu, tana yin shekara biyu. Akwai ta Terraform, ita ma shekara biyu. Sai ITIL, wadda ta samo asali daga gwamnatin Ingila a ƙarshen shekarun 1980. Ita ba ta koya maka taɓa na'ura. Tsarin aiki take koyarwa: yadda ake karɓar koke, wa ke ba da izinin canji, me ake yi in abu ya lalace. Waɗannan na wanda ya riga ya shiga aiki ne, ɗan koyo ya bar su tukuna.

Maganar kuɗi

Mu yi lissafi a fili. Dala 300 ta CCNA, gwargwadon canjin ranar, ta haura jika 160 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Ke nan jarrabawa guda ta kai albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Kuma in ka faɗi, kuɗin ya tafi, sai ka jira kwana biyar ka sake biyan wani. Ban da wannan akwai kuɗin intanet na watannin karatu, da kuɗin mota da masauki in sai ka yi tafiya zuwa cibiyar jarrabawa, da cajin katin banki, tunda da kati irin Visa ake biya.

Akwai hanyoyin rage nauyin. Makarantar Cisco ta intanet, Networking Academy, wadda aka kafa tun 1997, tana da darussan farko kyauta, wasu da Faransanci, kuma tana ba da manhajar Packet Tracer da mutum zai haɗa rezon gwaji a kwamfutarsa ba tare da ya sayi na'ura ko guda ba. Ɗaliban da suka bi darussan CCNA wajen malamin da Cisco ya amince da shi, suka ci maki mai kyau, suna samun rangwame a kuɗin jarrabawa. AWS na ba wanda ya ci jarrabawa guda rangwamen rabin kuɗi a ta gaba. Darussan Microsoft Learn kyauta ne. CKA kuma tana ba da damar sake zama sau ɗaya cikin kuɗin da aka biya. Wanda ke aiki ya tambayi shugabansa ko ma'aikata za ta biya masa, domin wasu na yi, tunda su ma ribarsu ce.

Turanci, wuta da ranar jarrabawa

Mu da muka yi lakwal da Faransanci, ga inda gizo ke saƙar. Wasu jarrabawowin AWS da Microsoft ana iya yinsu da Faransanci, amma umarnin da ake bugawa a na'ura, da saƙon da take bayarwa in ta samu matsala, da littattafan bayani, kusan duka da Turancin Ingilishi suke. Ba sai ka iya zuba shi kamar ɗan Landan ba, karantawa da fahimta ake so. Wanda ya ware minti talatin kullum yana karanta bayanin fasaha da Ingilishi, cikin wata shida zai ga bambanci. AWS ma na ƙara minti 30 ga wanda Ingilishi ba harshensa ba ne, amma sai ka nema tun kafin ka zaɓi ranar jarrabawa.

Yawancin waɗannan jarrabawowi ta hannun kamfanin Pearson VUE ake yinsu, ko a cibiyar da ya amince da ita, ko daga gida wani na kallonka ta kyamara. Ta gida tana da daɗin ji, amma sharuɗɗanta da tsauri: ɗaki kai kaɗai, tebur babu komai a kai, babu mai shigowa, babu waya, kuma kada intanet ya yanke. Ku duba gidajenmu, ga yara, ga baƙi, ga ɗaukewar wuta musamman lokacin bazara. Ƙanenka ya leƙo ya ce ana kiranka, ana iya soke jarrabawar. In da hali, cibiya ta fi kwanciyar hankali. A shafin Pearson VUE ake duba cibiyar da ta fi kusa, kada ka dogara da maganar wani.

Wani ƙaramin abu mai hana mutane shiga: suna. Sunan da ka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na katin ɗan ƙasa ko fasfo. Mu kuwa mun san halin sunayenmu, a wata takarda Mahamadou, a wata Mamane, a wata an sa sunan uba a gaba. Ka kwafi abin da ke kan katin harafi bayan harafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A yi hattara da ƴan damfara

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko, masu sayar da tambayoyin sata a WhatsApp da Telegram, su ce haddace waɗannan za ka ci. Kamfanonin sun haramta wannan, in sun gano suna soke takardar, suna iya hana mutum sake zama. Ko ba a kama ka ba, ranar ganawar ɗaukar aiki za a ajiye maka na'ura a ce nuna mana. Na biyu, masu cewa kawo kuɗi mu zauna maka, ko mu fitar maka da takarda ba jarrabawa. Takardar gaskiya tana da lamba ko mahaɗin intanet da mai ɗaukar aiki zai bi ya tabbatar cikin minti ɗaya, ta bogi ba ta da shi.

Na uku ya fi wuyar ganewa. Wata cibiyar horo za ta rubuta CCNA ɓaro-ɓaro a allonta, ka biya, ka yi wata uku, a ba ka takarda mai hatimi. Wannan takardar halartar darasi ce. Tana da amfaninta, amma ba ita ce ta Cisco ba. Kafin ka biya, ka tambaya: kuɗin nan ya haɗa da jarrabawar kamfanin? A ina ake zamanta? Akwai na'urorin da zan taɓa da hannuna? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

To, ta ina za a fara?

Ka fara da tallan aiki, kafin ka fara da jarrabawa. Tara tallan ɗaukar ma'aikata goma ko ashirin na wannan fanni, daga hukumar ANPE, jaridu da shafukan ma'aikatu, ka ga wane suna ne ke yawan dawowa. Kasuwar da kake ciki ita za ta gaya maka. A ƙasar da har yanzu ake shimfiɗa wayoyin intanet ana haɗa ofisoshi, ilimin rezo da Linux shi ne gindi. Girgije da Kubernetes a kansa suke zaune.

Sannan ka kafa ɗakin gwajinka. Tsohuwar kwamfuta mai ɗan ƙarfi ta isa. Sa VirtualBox, kyauta ce, ka girka Ubuntu ko Debian guda biyu ko uku a cikinta, ka haɗa su, ka ɓata, ka gyara. Duk aikin da ka ga ka yi sau uku da hannu, ka gwada rubuta umarnin da zai yi maka shi, da Bash ko Python, daga baya da Ansible. Ka ajiye abin da ka rubuta a GitHub don ka samu abin nunawa. Ka nemi sitaj ko da ba biya, ko ka karɓi kula da kwamfutocin wata makaranta ko asibitin unguwa. Mai takarda guda da labarin matsala biyar da ya warware da hannunsa ya fi mai takarda biyar da bai taɓa kwance na'ura ba.

Kada ka tara takardu don ado. Kowace da wa'adinta da kuɗin sabuntawa, in ka yi huɗu a shekara guda ba ka da aiki, tare za su mutu a hannunka. Guda ɗaya, sai aiki, sai ta gaba idan aikin ya nuna buƙata. Hanyar da aka saba bi ita ce daga mai taimakon ma'aikata da gyara, zuwa mai kula da rezo ko uwar garke, zuwa injiniyan girgije ko mai tsara aikin otomatik, kuma tsakanin kowane mataki shekaru ne.

Ƴan mata ma kada su ja baya. Aikin ya fi buƙatar natsuwa da bin diddigi, kuma babban ɓangarensa a zaune ake yi gaban allo.

Ga iyaye kuma, kamar baban da ya aiko mana tambaya: in yaro ya zo neman kuɗin jarrabawa, ku ce ya buɗe kwamfuta ya nuna muku abin da ya haɗa, ya faɗi wata nawa ya yi yana shiri, da makin da yake samu a jarrabawar gwaji. Ko ba ku gane abin da ke kan allon ba, za ku gane ko ya san abin da yake faɗa. In ya fara kame-kame, a ba shi wata uku ya ƙara shiri, kuɗin ya jira.

Farashi da lambobin jarrabawa suna canzawa, saboda haka a duba shafin kamfanin kafin a biya. Masu sauran tambayoyi, ko waɗanda suka riga suka zauna ɗaya daga cikin jarrabawowin nan suna son ƙannensu su amfana da abin da suka gani, su aiko mana saƙo, za mu karanta a shirin matasa na mako mai zuwa in Allah ya kai mu.